Neman Mai Zuba Jari Ga Garinmu Na Bakin Kogi: Daga Ina Za A Fara?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan wani gari ne a bakin kogi tsakanin Sinnar da Sinja a Sudan, amma na daɗe ina aiki a Jidda. Mu 'yan garinmu da ke nan da Makka muna da sanduƙ da muke zubi duk wata. Yanzu da mutanen da yaƙi ya kora suka fara komawa gida, dattawa sun aiko mana cewa mu nemo musu mai kuɗi, Balarabe ko kamfani, ya je ya zuba jari, tunda akwai ƙasa, akwai ruwa, ga kuma matasa a zaune. Ta yaya ake jawo irin waɗannan mutane? Kuma ɗan abin da muke tarawa, me zai iya yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya saka muku da alheri bisa wannan zumunci, ya kuma zaunar da ƙasar lafiya. Abu biyu ka tambaya: yadda za a sa baƙo mai kuɗi ya yarda ya kawo dukiyarsa garinku, da kuma amfanin da kuɗin sanduƙinku zai yi. Ka sa na baƙon a gaba, naku a baya, kamar wanda yake jin kunyar ƙanƙantarsa. Ni kuwa na yi shekaru ina aiki da ƙungiyoyin manoma a yankin Sinnar da Gadarif, ina duba littattafan lissafinsu, ina raka su banki, kuma abin da na gani shi ne kuɗin 'yan gari ne ke share wa na baƙo hanya. Don haka da naku zan fi daɗewa.

Abin da manyan ayyuka suka bar mana

Mutanenmu ba baƙin babban jari ba ne. Tun bayan yaƙin Burmi a 1903, lokacin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yiwo gabas har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ake kira da sunansa kusa da Sinnar, kusan duk wani babban aikin gona da aka buɗe a ƙasar nan da guminmu a ciki. An gama madatsar Sinnar a 1925, aikin noman ban ruwa na Jazira ya kankama, aka riƙa raba ribar auduga tsakanin gwamnati da kamfanin Turawa da masu hawasha, wato gonar da ake yanka wa manomi a cikin aikin. Wasu daga cikin iyayenmu sun samu hawasha, amma mafi yawa cirar auduga suka yi, jikokinsu kuma har yau da dama suna zaune a kambo, wato sansanin 'yan ƙwadago, a gefen magudanan ruwa. An fara noman tarakta a Gadambaliya ta yankin Gadarif a shekarun 1940, aka yanka gonaki masu faddan dubu ko fiye (faddan kusan eka ɗaya ne), mu muka yi shara da yankan riɗi. A shekarun 1970 aka yi ta cewa Sudan za ta zama rumbun ƙasashen Larabawa, kuɗin man fetur ya shigo, aka gina masana'antar sukari ta Kinana.

Waɗannan ayyuka sun ciyar da ƙasa, ba na raina su. Sai dai gari yana iya maƙwabtaka da jari mai yawa shekara hamsin, ya tashi da ladan ƙwadago kawai. Rabon kowa a irin wannan aiki yana bin abin da ya zo da shi wurin yarjejeniya: mai takardar ƙasa da mai kaya a sito suna da bakin magana, wanda ya zo da ƙarfin damtsensa kaɗai kuwa sai abin da aka yanka masa. Dattawanku sun yi gaskiya da suka ce akwai ƙasa da ruwa da matasa, amma garuruwa da yawa a bakin Shuɗin Nilu suna da waɗannan ukun. Abin da zai bambanta ku shi ne tsari.

Inda arzikin gari ke zurarewa

Kafin a nemo sabon ruwa, a fara toshe inda tulu ke yoyo. A garuruwanmu babbar kafar ita ce shel, wato bashin da manomi ke ci wurin ɗan kasuwa a tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ta taso, hatsin bara ya ƙare, ga masu noma suna jiran a biya su, da sharaɗin zai biya da buhuna a kaka bisa farashin da mai kuɗin ya yanka. Riɗi kuwa ba ya jira: in ya nuna aka yi jinkirin yanka, kwanson ya buɗe, ya zube ƙasa, don haka manomi zai karɓi kuɗi ko a kan wane sharaɗi.

Na taɓa tsayawa a bakin wata gona a ƙarshen Oktoba ina kallon ana kaɗe riɗi a kan shimfiɗa. Motar ɗan kasuwa na tsaye tun hantsi, yaronsa riƙe da ɗan littafi, ana ɗinke buhu yana ja masa layi. Da aka gama, abin da ya rage wa mai gonar jaki ɗaya ya ɗauke shi. Bayan wata huɗu na sauka gidansa, sai ga 'yarsa ta shigo da man riɗi a 'yar kwalba, ta sayo a kantin mutumin nan da ya kwashe buhunan. Riɗin ya je birni an matse shi, an sayar da ambaz, wato abin da ya rage bayan matsar mai, ga masu kiwo, man ya dawo garin da aka noma shi da tsada. Ba na zagin ɗan kasuwar, domin shi kaɗai ya buɗe aljihunsa a watan Agusta, kuma in damina ta ƙi, da shi ake asara. Amma muddin shi kaɗai ne mafita, ribar noman garin ba za ta kwana a garin ba.

A nan kuɗinku zai yi aikin da ya fi girmansa. Matakin farko shi ne ƙungiya ta maye gurbin shel da cinikin salam na gaskiya: a biya manomi kuɗi a hannu, a rubuta awo sananne da nau'i sananne da ranar kawowa, a kuma sa sharaɗin cire zalunci, wanda bankunan Sudan ke kira izalatul gabni, ta yadda in farashi ya tashi sosai a kaka za a ƙara wa manomi wani abu. Na biyu shi ne sito mai kyau, da dandamalin katako don kada buhu ya taɓa ƙasa, da sikeli guda wanda kowa ya yarda da shi, da rasit ga duk wanda ya ajiye kaya. Manomin da ya iya riƙe buhunansa daga kaka zuwa bazara ya riga ya samu ƙarin da babu wani kamfani da zai ba shi kyauta. Haka abin yake ga masu albasa a jaruf, wato gonakin gaɓar kogi: rumfa mai shan iska wadda za ta riƙe albasa har farashinta ya farfaɗo ta fi ƙarin faddan amfani. Ga masu noman rani kuma, famfon hasken rana a madadin injin gas yana cikin abubuwan da na ga sun mayar da kuɗinsu, musamman tun da man ya yi tsada kuma yake yankewa.

Sai bayan an yi kaka biyu ko uku ana haka, an san buhu nawa ke shiga sito da gaske, sannan a yi maganar injin matsar mai. In lokacin ya zo, a tuna cewa matanmu sun riga kowa sanin wannan sana'a: su ke yin man gyaɗa da ƙuli da yajin agashe (tsiren Sudan), su ke riƙe da adashi mafi tsari a gari. Injin da aka kafa ba da su ba yakan kashe musu kasuwa, wanda aka kafa da hannun jarinsu kuwa yakan samu masu tsaronsa.

Yadda za ku riƙe kuɗin sanduƙ

Na san kuɗin nan ba a banza kuke samunsa ba. Tun da Saudiyya ta fara karɓar kuɗin wata-wata a kan iyalan baƙi a Yulin 2017, daga riyal 100 ga kowane mutum har ya kai 400 a 2020, ga sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ga iyalai da suka gudo daga yaƙi suka dawo wuyanku, duk abin da mutum ya zuba ya hana kansa wani abu ne. Saboda haka ku raba asusu biyu tun yau: na taimako, wanda ake ba marar lafiya da maraya ba a jiran ya dawo, da na jari, wanda kowa ke da rabo rubutacce bisa tsarin musharaka, wato tarayya a jari da riba da asara. Duk ƙungiyar da ta haɗa su a tukunya ɗaya, buƙatun gaggawa ne ke cinye jarin, kuma babu mai iya cewa a'a, domin buƙatun na gaskiya ne.

Sannan kada ku ajiye jari a fam ɗin Sudan. A Fabrairun 2021 an karya darajarsa a hukumance daga 55 zuwa kusan 375 a dala ɗaya, hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin ɗari a wannan shekara, kuma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗuwar ta ci gaba. Ku bar kuɗin a riyal har ranar da za a kashe shi, in ya isa gida ya koma buhu ko kayan aiki nan take, lissafin riba kuma a yi shi da buhu ko da riyal. Na ga ƙungiyar da ta yi murnar kuɗinta ya ninka a littafi, amma da aka ƙirga buhunan da zai saya, sai aka ga bai kai na bara ba. Manhajar banki ta Bankak ta sauƙaƙa aike, ta kuma ceci mutane a wannan yaƙi, sai dai hoton shaidar turawa da ake jefawa a WhatsApp bai zama lissafi ba. Lissafi shi ne littafi mai shafin shiga da shafin fita, wanda ake karantawa a gaban jama'a duk wata uku.

Akwai wani aiki da na sa hannu a cikinsa wanda har yau yake damuna. 'Yan wani gari mazauna Saudiyya sun tara kuɗi, suka sayi injin matsar mai, kuma ni ma na goyi bayan sayen ba tare da na matsa a kan tambayar daga ina riɗin zai fito ba. Riɗin garin kuwa duk an riga an ci shel a kansa. Ga wutar lantarki ba ta tsayawa. Wanda aka ɗora a kan aikin yayan shugaban ƙungiyar ne, dattijo mai mutunci, ba a yanka masa albashi ba, kuma babu yaron da zai iya buɗe baki ya ce, "Baba, ina lissafi?" Da na koma bayan shekara biyu na tarar da injin a lulluɓe da tamfol, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Babu wanda ya ci ko sisi, kunya da jin nauyi ne suka kashe aikin. Tun daga nan nake ba da shawarar a ɗauki mai gudanarwa da albashi, wanda za a iya tambaya kuma a iya sallama, a raba mai riƙe mabuɗin sito da mai riƙe littafi, kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum uku, dattawa kuma a ajiye su a matsayin masu sulhu da sa albarka, inda girmansu zai yi amfani.

Maganar ƙasa da takarda

Wannan ita ce mafi nauyi. Dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakin gwamnati, kuma yawancin gonakin daminar mutanenmu a hannunsu suke bisa hiyaza, wato riƙo na al'ada da shaidar shehu ko umda, masu sarautar gari. Banki da kamfani kuwa takardar rajista suke tambaya, wadda ake kira shahadatu bahas. Haɗarin a fili yake: in kuka tallata ƙasarku ga mai kuɗi alhali ba ku da takarda, yana iya wuce ku ya je ofishin jiha, a ba shi haya a kan gonakin da kakanninku suka share. Don haka kafin ku nuna wa kowa ƙasa, ku auna ta, ku rubuta sunan mai kowace gona da iyakarta da shaidun maƙwabta, ku yi wa ƙungiyar rajista, ko a matsayin ƙungiyar haɗin gwiwa ko ƙarƙashin dokar ƙungiyoyin masu noma da kiwo ta 2011, ku kuma taimaka wa duk wanda ba shi da lambar ɗan ƙasa ya samu, domin ba a buɗe asusu sai da ita.

Ba za mu manta da abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022 ba, inda saɓani kan ƙasa da sarauta ya ci rayuka masu yawa, ya raba dubban mutanenmu da gidajensu. Darasin da na ɗauka shi ne kada aikin ya fito da sunan ƙabila ɗaya. Ku sa maƙwabtanku a cikin ƙungiyar tun daga rana ta farko, su ajiye kayansu a sitonku, su samu kujera a kwamiti. Ku bar wa makiyaya burtalinsu da mashayarsu, ku sayar musu da ambaz da harawa. Sito da kowa ke da buhu a ciki kowa ne mai gadinsa.

Idan baƙon ya zo

Mai zuba jari na gaske tambayoyinsa kaɗan ne, kuma kusan iri ɗaya ne: kaya nawa kuke fitarwa a shekara, tsabtarsu yaya take, wa zai sa hannu a madadin gari kuma maganarsa ta zauna, mota na iya shiga a watan Agusta ko laka za ta riƙe ta, kuma in an saɓa wa zai raba. Garin da ke da littafin sito na shekara uku yana amsa waɗannan a takarda ɗaya. Wannan takarda ta fi liyafa da yankan rago tasiri.

Game da Larabawan da dattawa ke hange, gaskiya ne Saudiyya ta daina sayen alkamar da ake nomawa a cikin gida a 2016 na wani lokaci, ta kuma taƙaita noman ciyawar dabbobi don tsimin ruwan ƙasa, abin da ya sa kamfanoninta neman gonaki a waje. Amma irin wannan kamfani fili mai faɗin gaske yake so, ya kafa injinan ban ruwa, ya noma barsim, wato ciyawar dabbobi, ya fitar ta tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, kuma ma'aikatan da yake ɗauka kaɗan ne. Ba shi ne zai tayar da matasanku daga zaman banza ba. Wanda ya fi dacewa da ku shi ne mai saye, ba mai karɓar ƙasa ba: mai masana'antar mai a Madani ko Sinnar, ko mai fitar da riɗi daga kasuwar amfanin gona ta Gadarif, wanda zai ba da iri da wani kaso na kuɗi, ku noma a gonakinku, ya saya bisa farashin da aka ɗaure da na kasuwa ranar awo. Ku da ke Jidda kuna da wata dama: kun san masu kantuna da gidajen abinci da ke sayar wa 'yan Sudan da 'yan Afirka ta Yamma kaya, kun san 'yan kasuwar tumakin da ake ɗaukowa daga Sawakin. Oda ƙarama mai maimaituwa daga irin waɗannan ita ma jari ce. Sai dai abincin da aka sarrafa ba ya shiga Saudiyya sai ya cika sharuɗɗan hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, gyaɗa kuma ana gwada ta saboda gubar fumfuna, don haka shanya da adana su ne farkon aikin.

In har za a ba da ƙasa, to haya ce ta 'yan shekaru, ba sayarwa ba, a rubuta cewa in bai fara aiki cikin ƙayyadadden lokaci ba ta dawo, a rubuta yawan ruwan da zai ja da adadin 'yan garin da zai ɗauka, a karanta wa jama'a a fili kafin kowa ya sa hannu. Ku yi hattara da dillalin da zai ce yana da wani attajiri a hannu amma sai kun ba da kuɗin buɗe fayil. Kuma kada wani ɗan ƙungiya ya ba da cek da sunansa don lamunin bashin jama'a, domin cek da ya dawo laifi ne a dokar Sudan, kuma manoma da yawa sun kwana a tsare saboda shi bayan damina ta ƙi.

Iyakar wannan shawara

Gogewata a noman damina da na jaruf take. Mai hawasha a aikin ban ruwa na Jazira ko na Rahad yana da wasu dokoki da hukumar aikin ta ɗora masa. Rajistar ƙasa aikin lauya ne da ofishin filaye na jiharku, tsarin salam da musharaka kuma a nuna wa malamin da ya san fiƙihun ciniki kafin a fara. Sannan duk abin da na faɗa yana tsaye ne a kan zaman lafiya. Sinja ta koma hannun sojojin gwamnati a Nuwamban 2024, Madani a Janairun 2025, mutane suna komawa, amma yaƙin bai ƙare ba, kuma an ga yadda aka wawashe sito da taraktoci a Jazira da Sinnar. Don haka a fara da kaɗan, a raba kaya a wuri fiye da ɗaya, kada a zuba duka sanduƙ a shekarar farko. In kashi ɗaya cikin uku kuka sa, ko an yi asara kuna da abin sake tashi.

Ga amsar da za ku mayar wa dattawa cikin ladabi: ku ce kun ji, kuma kuna roƙon su sa malamin makaranta ɗaya da matasa biyu su zaga gida-gida, su rubuto faddan nawa aka noma bara, buhu nawa aka samu, nawa ne daga ciki ya tafi biyan shel, kuma a wane wata aka ci bashin. Da wannan za ku san manoma nawa kuɗinku zai iya ɗauka a zagayen farko. Ku kuma lura da lokaci: kuɗin ya isa gida kafin noman farko, wajen ƙarshen Yuli, domin in ya kai Oktoba bai iso ba, buhunan bana sun riga sun shiga littafin wani.